Malam, Buɗe Bakinka

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa zai kwashe duk sauran abin da ke cikin kaina, da ranar da na tara tsofaffin gari guda don in koya musu shan magani, aka tashi taron kaza ta fi ni daraja. Shekara da shekaru ina ɓoye labarin nan, matata ma sai a bakin wasu ta ji shi. Yanzu da furfura ta gama cin kaina, babu sauran wanda nake jin kunya, gara in faɗa da bakina.

Lokacin ina saurayi ne, sabon fitowa daga makarantar koyon aikin malamin asibiti. Ba a daɗe da samun mulkin kai ba, mu 'yan boko muna ji kamar don mu kaɗai aka yi ƙasar. Aka tura ni ɗakin shan magani na wani sabon ƙauye a ƙasar Ngaski, a bakin ruwa, ba nisa da Wara. Na ce sabo, domin a lokacin ne ruwan madatsar Kainji ya hau ya cinye tsibirai, aka kwaso Gungawa daga tsibiransu aka zuba su a gidajen siminti da gwamnati ta gina, jere reras, ba ka gane na wani da na wani. Mutane suna jimamin gonakin albasarsu da kaburburan iyayensu, ni kuwa babbar damuwata kada farar rigata ta yi datti. (Da ma ka gan ni: gajeren wando na kaki, doguwar safa har gwiwa, alƙalami uku a aljihun gaba. Ɗaya ne kawai yake rubutu.) Matasa suna ce mini Likita, ban taɓa gyara musu ba. Tsofaffi dai Malam suke ce mini.

To, ina da wani sirri da ko aminina bai sani ba: ban iya haɗiye ƙwayar magani ba. Wallahi ban iya ba. Tun ina yaro a Birnin Yauri, da ƙwaya ta taɓa harshena sai maƙogwarona ya rufe ruf, ko da randa guda zan sha. Innata takan murƙushe mini ita da bayan cokali, ta zuba a kunu, ta tsaya a kaina har in shanye. Na girma, na yi makaranta, na karɓi takardar shaida, amma abin nan bai canza ba. A sabon ƙauyen in zazzaɓi ya kama ni, sai in rufe ƙofa da taga, in ɗauko cokalina in yi yadda Inna take yi.

Amma zo ka ji ni da safe a gaban marasa lafiya! Dokoki uku gare ni, ina rera su kamar karatun allo: "Ba a taunawa, ba a dakawa, ba a jiƙawa. Wanda ya daka ƙwaya ya kashe maganin." Haka na tuna an koya mana, haka nake faɗa. Ni nawa maganin da nake dakawa fa? Ban taɓa tsayawa na tambayi kaina ba. Gwano ba ya jin warin jikinsa. Kowace Litinin tsofaffi masu ciwon da ke son dogon magani sukan zo karɓar na mako. Sai kowa ya sha ta ranar a gabana, sannan in ce, "Buɗe bakinka." Dattijo sa'an kakana ya hangame baki, ni kuma in leƙa da tocila ina gyaɗa kai.

Cikinsu akwai Kaka Kulu, wata 'yar siririyar tsohuwa da haƙori bai fi uku ba a bakinta. Tarin fuka gare ta. Ƙwayoyinta manya ne, farare, kusan girman gurjiya, kuma sai an yi watanni ana sha kullum ba fashi. Mace ce mai barkwanci. Tun ranar farko ta ce ni jikanta ne, saboda haka "mijina" take ce mini, irin wasan kaka da jika. In ta zo takan sa ƙwayar a baki, ta kurɓi ruwa, ta buɗe mini baki wayam, babu komai. Amma duk Litinin in ta hau sikeli sai in ga ta ragu. Tarin yana ƙaruwa, zanenta yana ƙara zagaye ta.

Sau ɗaya a wata babban likita yakan zo daga Yelwa a jirgin ruwa mai inji, ya duba masu ciwo mai tsanani. Da ya zo a wannan watan, ya sa abin saurare a ƙirjin Kaka Kulu, ya duba katinta, ya ɓata fuska. Ya ce da ni, "Ko dai ba ta sha, ko maganin ba ya kama ta. In na dawo wata mai zuwa ban ga sauƙi ba, zan tafi da ita Yelwa a kwantar da ita."

Da na fassara mata, sai barkwancin ya ɗauke. Ta daɗe tana kallon ruwa, sannan ta ce, "Malam, an tashe ni sau guda, na baro uwata da uban ɗiyana ƙarƙashin ruwan ga. Ba a tashina sau biyu. In mutuwa ce, ta iske ni nan, inda in an rufe ni akwai mai sanin wurin."

Mai hankali da ya zauna kusa da ita ya lallaɓa ya ji damuwarta. Ni kuwa tsoro ne ya kama ni, kada a ce sabon malami ya kasa aiki. Na tsaya a kanta, a gaban duk masu jiran magani, na ce, "Kaka, ki faɗi gaskiya, kina shan maganin nan a gida?" Ta ce tana sha. Na ce, "To me ya hana ki warkewa? Haɗiyar ƙwaya fa ko yaron goye ya iya!" (Allah Ya yafe mini. Ni na faɗi haka, da wannan bakin.) Ta sunkuyar da kai, ta ɗaure ƙwayoyin makon a bakin zanenta, ta tafi. Ranar ba ta ce mini "mijina" ba.

Sai na yanke shawarar cewa jahilci ne ke damun tsofaffin garin nan, kuma ni ne maganinsa. Na je wurin Maigari na roƙi ya tara mini su a ƙofar gidansa, zan koya musu shan magani a aikace, su gani da idonsu. Ya amince. Sai da na dawo gida na tuna cewa "a aikace" yana nufin ni zan haɗiye ƙwaya a gaban jama'a. Maimakon in janye, sai na nemi dabara. Na samo 'yar mitsitsiyar ƙwayar ƙarin jini, na kwana uku ina gwaji a gaban madubi: in jefa ta a baki, in tura ta cikin kunci da harshe, in kurɓi ruwa, in motsa maƙogwaro. Har na iya murmushi tana ciki. Na yaba wa kaina ƙwarai.

Ranar taro, da hantsi, aka shimfiɗa tabarmi a gindin wata ɗorawa da magina suka bari. Maigari yana kan kujerarsa, dattawa a gefensa, tsofaffin mata a baya, kaji suna kiwonsu a tsakani. Kaka Kulu tana can ƙarshe, ta jingina da bango tana tari. Na kafa allo, na zana hoton maƙogwaron mutum da alli. (Na ji wani tsoho yana tambayar na kusa da shi ko tarwaɗa ce. Na yi kamar ban ji ba.) Na yi bayani ya fi na awa guda, ina jefa Turanci nan da can don a san an yi karatu. Na rera dokokina uku, na sa suka maimaita. Sannan na ɗaga 'yar ƙwayata sama na ce, "Yanzu ku zuba ido ku ga yadda ake yi."

Sai na ji murya daga baya. "Malam, wagga ai ƙwarar gero ce. Ɗauko irin tawa."

Kaka Kulu ce. Na ce ai duk ɗaya ne, ƙwaya ƙwaya ce. Maigari ya gyara zama ya ce, "Tunda duk ɗaya ne, Malam, ɗauko babbar. Mu tsofaffi idonmu bai ganin ƙarama."

Ina zan sa kaina? Gwangwanin manyan ƙwayoyin yana kan teburi a gabana, ni na kawo shi da hannuna don ado. Na buɗe, na ɗauki guda. Na rantse a hannuna ta ƙara girma. Na yi bismilla a zuci, na jefa ta, na tura ta kunci, na ɗaga kofi na sha ruwa, na motsa maƙogwaro yadda na saba. Na buɗe hannuwa na ce, "Kun gani?" Sai dai maganar ba ta fita daidai ba, don kuncina ya yi tudu kamar na mai cin goro. Kuma abin da madubi bai gaya mini ba shi ne, irin wannan ƙwayar da ta ji ruwa take fara narkewa. Wani ɗaci ya cika mini baki, irin wanda ban taɓa ɗanɗana ba a duniya. Yawu ya taru, idona ya kawo ruwa, ni kuwa ina ta murmushi.

Dattawa suka fara gyaɗa kai, har wani ya ce, "Madalla." Na ɗauka na tsira. Sai Kaka Kulu ta dafa bango ta miƙe, ta tako a hankali har gaban allo. Ta dube ni da kyau, ta ce, "Malam, buɗe bakinka."

Na ƙara tsuke bakina.

"Buɗe mu gani," in ji ta, "yadda kake sa mu."

Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Na ga ba ni da mafita sai in haɗiye da gaske, karo na farko a rayuwata. Na jawo ƙwayar kan harshe, na ɗaga kofin na kwankwaɗa. Maƙogwaro ya ce bai san zancen ba. Ruwa ya sarƙe ni, ya fito ta hanci, na duƙa ina tari kamar raina zai fita, alƙalumana uku suka zube ƙasa. Kaka Kulu, mai ciwon da ba ta iya ɗaukar tulu, ta ɗirka mini duka a gadon baya. Ƙwayar ta yi tsalle ta fito, ta gangara a kan tabarma, ta tsaya daidai gaban takalmin Maigari.

Kowa ya zuba mata ido. Sai ga wata jar kaza ta taho da sauri, ta tsince ta, ta miƙa wuya sau ɗaya, ta haɗiye, ta yi gaba abinta.

Maigari ya dubi kazar, ya dube ni, ya ce, "Ikon Allah. Ita ko ruwa ba ta nema ba."

Wayyo! Dariyar da aka yi ranar, na tabbata masunta sun ji ta a tsakiyar ruwa. Tsofaffi suna riƙe ciki, mata suna guɗa, wani dattijo har da faɗuwa a kan ɗan'uwansa. An ce tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta, ni ko haukan ban samu yi ba. Na bar allo, na bar gwangwani, na bar alƙaluma, na nufi ɗakin shan magani, safa ɗaya ta zame har idon sawu. Na kulle ƙofa na zauna ina tunanin yadda zan rubuta takardar neman canjin wurin aiki. (Kazar dai lafiyarta lau. Na bi labarinta.)

Bayan la'asar aka ƙwanƙwasa. Na ƙi tashi. Aka ce, "Mijina, buɗe, ba dariya na zo yi ba. Na gama tun ɗazu."

Na buɗe. Kaka Kulu ce, riƙe da alƙalumana a hannu ɗaya, ɗayan kuma da wata 'yar tsohuwar gora mai toshi. Ta zauna a kan benci, ta huta, ta ce, "Kai ɗan koyo ne. A kunci ake ɓoyo? Sama ake turawa, tsakanin leɓe da dasashi, inda tocilarka ba ta kai." Sannan ta cire toshin gorar ta zazzage a kan zanenta. Irin albasa ne baƙi, wanda ta taso da shi daga tsibirinsu, ita ce kaɗai dukiyar da ta tsira da ita. A cikin irin kuwa ga ƙwayoyina farare birjik, na watanni.

Na ce, "Kaka, don me?"

Ta ce ranar farko ta gwada a gida, ƙwayar ta tsaya mata a wuya har ta ga mutuwa da idonta. Ta so ta tauna, babu haƙori. Ta ɗauko dutsen niƙa za ta murƙushe, sai ta tuna na ce wanda ya daka ya kashe maganin. "Na ce kada in kashe abin gwamnati a banza, gara in aje shi wuri mai kyau. Na so in gaya maka, sai ka ce ko yaron goye ya iya. Tsohuwa kamata ta buɗe baki ta ce yaron goye ya fi ta?" Ta yi tari, ta share baki. "Yau da na ga kuncinka, sai na ce ashe ɗan'uwana ne."

Kunyar da na ji da safe wasa ce a kan wadda na ji a lokacin. Ta safe ta kaza ce. Wannan kuwa, na gane matar nan tana ta ƙarewa a gabana wata da watanni, ba don jahilcinta ba, sai don ta riƙe maganata da gaskiya fiye da yadda ni na riƙe ta. Ban san sanda hawaye ya zubo mini ba. Na gaya mata komai, har cokalin Inna da rufe taga.

Ta yi dariya har tari ya tare ta. Sannan ta tattara ƙwayoyin ta ce, "To yanzu in daka su duka in rama, kamar ramuwar azumi?" Na yi wuf na riƙe hannunta. Na ce, "A'a, Kaka! Magani ba a rama shi. Na ranar da ta wuce ya wuce. In kin sha waɗannan a haɗe, ko Yelwa ba za ki kai ba." Na tsince su ɗaya bayan ɗaya daga cikin irin, na mayar mata da irinta.

Da ta tafi na buɗe akwati na zaro littafin da na yi rubutu a makaranta. Ga dokar nan kuwa, da rubutun hannuna, har da ja mata layi biyu. Na juya shafi. A saman shafi na gaba na rubuta cewa dokar ta ƙwayoyi masu santsin rufi ce da wasu irinsu, amma akwai waɗanda za a iya murƙushe wa yara da tsofaffi in likita ya yarda. Ashe rabin darasi na haddace na zo ina mulki da shi.

Washegari na bi jirgin 'yan kasuwa zuwa Yelwa, na sami babban likita, na faɗa masa gaskiya tun daga farko, ban bar ko kazar ba. Ya yi dariya har sai da ya cire tabarau ya share ido. Ya ce irin ta Kaka Kulu ana iya murƙushewa, a zuba a ɗan kunu kaɗan yadda za ta shanye duka a take. Ya nuna mini waɗanda ba a taɓa dakawa, ya sa na rubuta. Ya ce ya ƙara mata wata biyu, in ba sauƙi, babu sauran roƙo.

Daga ranar, kowace safiya kafin in buɗe ɗakin magani sai in bi ta gidanta da cokalina. In murƙushe, matar ɗanta ta kawo kunu, Kaka ta shanye tana yamutsa fuska tana cewa mijinta mugu ne. Bayan mako biyu matar ɗan ta karɓi aikin, na tsaya na ga ta yi daidai sau uku sannan na bar mata. Na daina leƙa bakin kowa. In tsoho ya zo, sai in zauna a benci kusa da shi in ce, "Baba, nuna mini yadda kake yi a gida." Kuma abin mamaki, tunda garin ya san Malam ma bai iya ba, sai bakuna suka buɗe. Wani ya ce yana raba nasa da matarsa, don bai iya cin abu ita tana kallo. Wani ya ce da ya ji sauƙi yake ajiye sauran don gaba. Wata ta ce hoton rana da nake zana mata a ambulan don ta gane maganin safe ba ta ganinsa, sai muka koma ƙulla mata na safe a farin ƙyalle, na yamma a baƙi. Duk waɗannan suna nan tun zuwana, tocilata ba ta taɓa hasko ko ɗaya ba.

Ranar da wa'adi ya cika, babban likita ya zo. Kaka Kulu ta hau sikeli, ni kuwa na kasa kallo, na juya baya ina gyara kwalaben da ba su buƙatar gyara. Na ji ya ce ta ja numfashi, ta sake ja. Sannan ya ce, "Gaya mata ta ci gaba da sha har sai na ce ta bari. Ba inda za ta." Ban gama fassarawa ba ta rangaɗa guɗa, guɗar ta ƙare da tari, amma tarin ba irin na da ba ne.

Da sanyi ya shigo ta sa ɗanta ya gyara mata ɗan fili a bakin ruwa, ta zuba irin nan na cikin gora. Albasar farko da ta cire ni ta aiko wa, da saƙon cewa in ta yi mini girma in daka. Ta ƙara shekaru masu dama a duniya. Da lokacinta ya yi, a garin aka rufe ta, a bayan ɗorawar nan, kuma jikokinta sun san wurin.

Yau ga ni na zama tsohon da ake ƙulla wa magani, na hawan jini, safe da yamma. Kwanan baya wata yarinya ma'aikaciyar jinya ta ga ina jujjuya ƙwaya a hannu, ta ce, "Haba Baba, wannan ai ko yaro ya iya." Na dube ta, ga alƙaluma a aljihunta, sai tausayinta ya kama ni. Na ce, "Zauna, 'yata, in ba ki labari." Na gaya mata abin da ya ci mini mutunci kafin in koya: kafin ka ce tsoho ya buɗe baki ka leƙa, bar shi ya buɗe da kansa ya gaya maka abin da ya gagare shi. In kuwa ka nace sai ka yi ƙarya a gaban jama'a, to ka fara sa a kore kaji.